Ranar da Na Kai Kaskon Gwaggo Ɗakin Gwaji

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa, na bar su sun wuce. Amma abin da ya haɗa ni da kaskon turaren Gwaggo a Landan, wannan kam har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da shi ba. Ko yanzu in na shiga gidan biki aka tashi turaren wuta, sai na nemi bakin ƙofa na zauna.

Lokacin nan ne da kuɗin man fetur suka buɗe, 'yan kwangila suna sayen gida a Ingila kamar masu sayen hula. Mijin Gwaggo, wanda muke ce wa Baba Alhaji, ya sayi nasa a Camberwell don ya kasance kusa da babban asibiti, saboda ciwon sukari da ke damunsa. Gwaggo yayar mahaifina ce, ba ta taɓa haihuwa ba. Da na gama sakandare sai ta ce a ba ta ni in taya ta zama, in ya so in koyi buga tafireta. Na koya ɗin, amma ban daɗe ba na gaji. Ni ba mai haƙuri ba ce, kuma ban taɓa yin ƙaryar cewa ina da shi ba. Malamar da ke koya mana ta lura ina da saurin lissafi, ita ta haɗa ni da wani ƙaramin kamfani wajen Woolwich da ke neman mai duba mita. Baba Alhaji ya yarda don yana jin daɗin ce wa abokansa 'yarsa tana aiki da masana. Gwaggo kuwa tun ran farko ta ce aikin bai yi mata ba.

Bari in faɗi abin da muke yi a wurin, yadda ni ma aka fahimtar da ni. Kumbon da za a harba can nesa, inda rana ta zama kamar ƙwayar tauraro, ba zai samu wuta daga hasken rana ba. To sai a saka masa wani dunƙulen ƙarfe wanda shi da kansa yake fitar da zafi, ba itace ba kananzir, shekara da shekaru. Kewaye da dunƙulen nan ake jera wasu ƙananan sanduna da ba su kai ashana tsawo ba, su ne ke mai da zafin ya zama lantarki. Sandunan nan mu muke gwada su. Mukan kulle su cikin wata tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska, mu gasa su da hita, mu ɗora su kan wani tebur mai karkarwa ya girgiza su kamar yadda roka za ta yi, sannan mu ga wanne ya mutu wanne ya rage. Ni ce mai zama gaban mitoci. Har yau ina iya tuna yadda allurar mita ke ɗan rawa kafin sanda ta tsage, da yadda nakan ɗaga murya in kira shugaban ɗakinmu kafin shi ya gani. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so aikin nan ba.

Shi ainihin ƙarfen mai zafi ba ya Landan. Yana wani wuri can bayan gari, mai shinge da masu gadi, sai an shiga jirgin ƙasa. Ban da zafi, yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda in ya yi yawa yake cutar da jiki. Saboda haka duk wanda ke zuwa can ana ba shi bajo, wani ɗan gidan roba da guntun fim a ciki irin na hoto. A ƙarshen wata a wanke fim ɗin, baƙin da ya yi shi ke nuna yawan hasken da ya ratsa mutum. Mu masu kai da komowa tsakanin wuri biyu an ce mu riƙa yawo da namu. Nawa a cikin kwat ɗina ta sanyi nake maƙale shi.

A hunturun nan aka sa ranar babban gwaji, ranar da za a haɗa sandunanmu da ƙarfen gaske a karon farko. Shugaban ɗakinmu ya ce ni zan zauna gaban mita. Na riga na je wurin sau ɗaya an nuna min kujerata. Wannan rana ita nake jira, ita nake mafarki.

Sai wata safiya aka ce mai kula da lafiyar ma'aikata yana nemana. Wani dattijon Bature ne mai saiƙo, mai sanyin magana, ni a raina Mai Bajo nake kiransa. Ya ɗaga fim ɗina saitin taga. Baƙi ƙirin.

Ya ce, "In da gaske wannan hasken ne ya ratsa ki, da yanzu kina asibiti. Na abokan tafiyarki duk fari ne. Kuma baƙin ya yi bai ɗaya, ni ya fi min kama da aikin zafi. Amma zato ba ya shiga takardar lafiya. Har sai mun san dalili, na cire ki daga masu zuwa can."

Na ce, "Ranar gwajin fa?"

"Har da ita."

Ina shirin yi masa masifa sai na ga ya kai gidan bajon hancinsa yana shinshina. Ya ce, "Wannan wane irin ƙamshi ne? Tun jiya ya cika min durowa."

Na karɓa na shinshina. Nan take na san inda aka fito.

Gwaggo ta yi zaman aure a Maiduguri shekaru masu yawa, can ta koyo haɗa turaren wuta. Nata haɗin ba ta ba kowa, ba ta faɗa wa kowa abin da ke ciki. Ko a Landan ba ta fasa ba. Takan hura gawayi a kan risho, ta zuba a kasko, ta kifa kabbasa a kai, wato kwandon nan mai kama da keji, ta lulluɓe shi da tufafi su sha hayaƙi. Ban san ta fara haɗawa da kayana ba.

Na same ta a kicin tana gyaran kuɓewa. Ko jakata ban ajiye ba na ce, "Gwaggo, kin turara kwat ɗina?"

"Na turara. Ran Lahadi, kina wanka, na bar ta har la'asar. Da ba warin ƙarfe da sigarin Nasara take ba?"

Na zauna na yi mata bayanin komai: bajon, fim ɗin, yadda zafin gawayi ya ƙona shi, da yadda aka cire ni. Na ce abin da nake so kawai ta ba ni aron kasko da kabbasa in kai a gani. Ta saurare ni har na gama, wuƙa a hannunta. Sannan ta ce, "Wato abin da suka rataya miki don ya auna guba ya yi baƙi."

"Ba guba ba ce, Gwaggo, kaskonki ne."

"Ni kaskona tun kafin a haife ki nake turara mutane da shi, ban taɓa jin ya baƙanta kowa ba. Allah dai ya tona asirinsu da wuri. 'Yar mutane a hannuna, me zan ce wa ubanki?"

Ban ce Gwaggo ta ƙona fim ɗin da gangan ba, ba ta ma san yana wurin ba. Abin da na riƙe ta da shi shi ne abin da ta yi bayan ta sani. Ta fahimci bayanina sarai, na gani a idonta. Ta dai ga ƙofar da za ta fitar da ni daga aikin da ta tsana, ta kama ƙofar da hannu biyu. Aron kasko da kabbasa kuwa ta hana ni. Kafin mako ya zagayo, duk matan da ke zuwa gidanmu sun ji cewa gubar Turawa ta shiga jikina har na'urarsu ta nuna.

Inda abin ya kai min wuya shi ne wani suna a Thamesmead. Matar wani ɗalibi ce ta haihu a wani flat can sama, cikin gine-ginen sumuntin nan masu kama da juna. Falon ya cika da mata, ana ta miƙa jaririya daga cinya zuwa cinya. Ina zaune ina jiran ta iso gare ni, har na gyara zanina. Da ta zo hannun wadda ke kusa da ni, matar wani likita, sai matar ta miƙe tsaye ta tsallake ni ta miƙa wa ta gaba da ni.

Na ce, "Anti, ba ki gan ni ba ne?"

Ta yi murmushi ta ce, "Na gan ki, ƙanwata. Doctor ne ya ce irin wannan abu sai an yi hankali da ƙananan yara. Ke ma ki riƙa zuwa check-up, don an ce yana taɓa mahaifa."

Na kalli Gwaggo, ita kaɗai ce a wurin ta san gaskiya. Ta sunkuyar da kai tana ɓare goro. Da aka kawo abinci, kowa da abokiyar cinsa a faranti ɗaya, ni aka zubo min nawa daban a wani ɗan kwano. Ban ci ba. Na ɗauki gyalena na sauko, na tsaya a tashar bas iska na dukana, ina rantsuwa a raina sai na nuna musu.

Ranar da Gwaggo ta raka Baba Alhaji asibiti, na shiga ɗakinta na ɗauko kasko da kabbasa da 'yar kwalbar turaren, na ƙulle gawayi a leda. Haka na shiga bas da kabbasa a cinyata, kwandasta yana tambayata ko tsuntsu ne a ciki. Mai Bajo ya ji daɗin shawarar. Ya fito da sababbin bajo guda biyu, ɗaya ya kulle a durowarsa, ɗayan muka maƙala cikin kwat ɗin. A tsakar gidan bayan kamfanin na hura wuta, na barbaɗa turare, na kifa kabbasa, na lulluɓa kwat yadda Gwaggo ke yi. Hayaƙi ya tashi. Ma'aikata suka fara leƙowa ta tagogi, wasu suka fito da kofin shayi a hannu suka kewaye ni suna tambaya. Shugaban ɗakinmu ya ce tunda ya fara aiki bai taɓa ganin gwaji mai ƙamshi irin wannan ba. Na yi dariya rannan kamar ba ni da damuwa. Da za mu tashi, Mai Bajo ya roƙe ni ɗan kaɗan ya kai wa matarsa. Na ƙulla masa a takarda. Na koma gida na wanke kasko, na mai da komai mazauninsa kafin su dawo.

Da aka wanke fina-finan, na durowa ya fito fari, na kabbasa ya fito baƙi ƙirin, irin baƙin nawa sak. Aka mai da sunana cikin masu tafiya. Shugaban ɗakinmu ya ce kujerata tana nan tana jirana.

Da na tsaya nan, wataƙila da labarin ya canza. Amma ɗan kwanon nan na gidan suna ya tsaya min a rai. Ina so a wanke ni a gaban mutanena, ba a gaban Turawa kaɗai ba. Na roƙi Mai Bajo ya zo gidanmu ya yi wa Baba Alhaji bayani da bakinsa, don na san maganar dattijon Bature za ta shiga inda tawa ba ta shiga ba. Mutumin kirki ne, ya yarda.

Ya zo wata Asabar da hantsi, da hularsa a hannu. Baba Alhaji ya karɓe shi a falo da fara'a, Gwaggo ta zauna can gefe da mayafinta, ni ina tsaye bakin ƙofa. Ya fito da fina-finan ya jera su a kan tebur, ya yi bayani a hankali cewa lafiyata ƙalau, zafi ne ya ɓata na farko, kuma an tabbatar da haka ta hanyar gwaji. Baba Alhaji yana ta gyaɗa kai. Na fara jin sanyi a raina. Sai dattijon nan ya juya wajen Gwaggo, ya ɗan rusuna, ya ce yana so ya yi wa uwargida godiya ta musamman. Ya ce turarenta ya burge duk mazan kamfaninsu, har yanzu suna maganarsa. Ya ce wanda aka ƙulla masa ya kai wa matarsa, ɗakin kwanansu bai taɓa ƙamshi irin haka ba.

Na ga murmushin Baba Alhaji ya tsaya cak a fuskarsa.

Gwaggo ta ce, "Alhaji, me yake cewa?"

Ya miƙe ya ba baƙon hannu, ya raka shi har bakin titi cikin mutunci. Da ya dawo ya rufe ƙofa, sannan ya fassara mata, kalma bayan kalma, bai rage komai ba.

Wanda bai san matan da suka yi zaman Borno ba ba zai gane girman abin ba. Turaren ɗaki ba irin na falo ba ne da ake tasar wa baƙi. Shi sirrin mace ne da mijinta. Ni kuwa, cikin gaggawa, kwalbar da hannuna ya fara kaiwa gare ta na ɗauka, ashe ta ɗakin ce. Na kai ta tsakar gidan kamfani, ƙartin maza sun kewaye suna shaƙa, har wani ya tafi da ita gadonsa.

Gwaggo ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Kin shiga ɗakina."

Na ce, "Na roƙe ki kin hana ni. Kuma kin zauna kina ɓare goro ana ce min mai guba."

"Kin tsiraita ni a gaban arna, kina kuma mai da min magana."

"Ke kika fara tsiraita ni a gaban Musulmi."

Baba Alhaji ya ce, "Ya isa." Ya dube ni ya ce, "'Yata, na ji bayanin Baturen nan, kuma na yarda da shi. Lafiyarki ƙalau. Amma ba za ki ƙara kwana da matata a ƙarƙashin rufi ɗaya kina faɗa mata irin wannan magana ba."

Na ce zan nemi ɗaki kusa da wurin aiki, ko a Plumstead ne, albashina zai biya. Ya ce budurwar da aka ba shi amana ba za ta zauna ita kaɗai a Landan ba yana raye. Na ce to a bar ni in yi gwajin nan kaɗai, in ya so washegari a kore ni. Na durƙusa, abin da ban saba yi ba, na kama ƙafar Gwaggo. Ta janye ƙafarta ta ce, "Je ki kama ta Nasaran." Fasfona yana cikin jakar Baba Alhaji tun ranar da muka sauka ƙasar, ban taɓa tunanin in karɓa ba. Kafin magariba ya buga waya an yi min booking ɗin jirgin komawa gida. Jirgina ya tashi ana saura 'yan kwanaki a yi gwajin.

Ko sallama ba a bar ni na je na yi ba. Daga akwatin waya na kan titi na kira shugaban ɗakinmu, ina jefa kwabbai ina kuka. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, za su sa wani a kujerar. Me zai ce da ya wuce haka?

A filin jirgi, gaban matan da suka zo rakiya, har da matar likitan nan, Gwaggo ta ciro wata kwalbar turare daga jakarta ta danƙa min. Ta ce, "Ungo, 'yar nan. Ki riƙa turara jikinki, ko Allah ya sa a samu mai ɗauka a haka." Matan suka ce Allah sarki, Hajiya akwai zuciya mai kyau. Na karɓa don ba yadda zan yi. Ina wucewa ciki na jefa ta a kwandon shara na farko da na gani.

Labarin ya riga ni isa Kano. Ba wanda ya ji maganar kasko, ba wanda ya ji maganar fim na biyu. Abin da aka ji shi ne guba ta kama ni a wurin aiki, Gwaggo ta ceto ni. Mahaifiyata ta yi ta ɗura min rubutu da jiƙe-jiƙe. In na fara bayanin fim da zafi sai a dubi juna, a ce ciwon ya fara taɓa mata kai. Yaron da ke nemana kafin in tafi, iyayensa suka ce ya haƙura. Daga baya na auri wani malamin makaranta wanda bai damu da surutun mutane ba, na haifa masa 'ya'ya lafiyayyu, ba wanda ya zo da ko ɗigon tawaya. Na zaci yanzu kam bakin kowa zai mutu. Ranar sunan ɗana na fari, ina zaune a ɗaki, na ji wata tsohuwa tana cewa a tsakar gida, "Kun ga amfanin Hajiya? Da ba ta fitar da ita da wuri ba, da ina za a ga wannan yaro?" Har Gwaggo ta koma ga Allah ana yi mata wannan yabo, ita kuma tana amsawa da "Alhamdu lillahi."

Ban san yadda gwajin ya ƙare ba. Ban san ko sandunanmu sun taɓa barin doron ƙasa ba, ko suna can cikin wani sito sun yi tsatsa. Amma duk ranar da na ji a rediyo an ce wani kumbo da aka harba tun muna 'yan mata har yanzu yana aiko da saƙo daga can ƙarshen duhu, sai in ajiye abin da nake yi. Nakan tuna allurar mita tana rawa, da kujerar da aka nuna min sau ɗaya.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne, amma shi na koya. Hujja tana amfani ne ga wanda yake neman gaskiya. Wanda ƙaryar ta yi masa daidai, ko fim ɗari ka jera masa a tebur, zai gyaɗa kai ya ci gaba da abin da ya yi niyya. Na ɓata ƙarfina wajen neman a wanke ni a falon da ba a son in wanku, alhali abin da ya kamata in nema tun farko yana cikin jakar Baba Alhaji. Shi ya sa da 'yata ta samu karatu a waje, dangi suna ta ba ta nasihar ladabi da biyayya, ni ban ce komai ba sai da muka kai filin jirgi. Na ɗinka mata aljihu a cikin rigarta, na saka fasfonta da hannuna, na ce mata, ko ni na ce ki ba ni ajiya, kada ki bayar.